An saye kamfanonin da suka ƙera na'urorinmu: lasisinmu yana nan, ko mu tumɓuke komai?

Tambaya: Ina kula da kwamfutoci da netwok na wani asibiti mai zaman kansa a Tudun Wadan Zariya. Na gaji aikin ne daga wani da ya koma Abuja. A ɗakin saba muna da fayawol, wato na'urar da ke tsare ƙofar netwok daga intanet, na Cyberoam, da suwic guda huɗu na Brocade samfurin ICX 6450 masu haɗa kwamfutocin cikin gida, da saba ɗaya mai ɗauke da VMware ESXi 7 (manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa), wadda a kanta bayanan marasa lafiya suke. An ce mini duk kamfanonin nan uku an saye su. Dillalin da ya kawo kayan ya daina ɗaga waya. Mai asibitin ya ce tunda komai yana aiki a ƙyale shi, da tsohuwar zuma ake magani. Shin lasisinmu yana nan daram? Wa za mu kira in wani abu ya lalace?

Amsa: Ƙanina, kaya uku ka lissafa, kuma hukuncinsu ya bambanta. Cyberoam ɗin nan ka janye shi daga bakin intanet da zarar hali ya yi, ko da a watan nan ne. Suwic ɗin ka bar su su ci gaba da aikinsu. VMware kuwa sai an zauna da biro da takarda an yi lissafi. Zan kawo dalilai, domin na san Dakta, mai asibitin, ba zai saki kuɗi don kawai wani ya ce a cire ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ranar da aka sayi irin waɗannan kayan abu biyu aka biya wa kuɗi a rasit ɗaya. Akwai lasisi, wato izinin amfani da manhajar. Akwai kuma kwangilar kulawa, wato haƙƙin karɓar sabuntawa, da facin tsaro in an gano ɓaraka, da samun wanda zai amsa maka in ka kira. Lasisi yakan zama na dindindin ko na haya. Kwangilar kulawa kuwa kusan kullum ta shekara ɗaya ce, ko uku, ko biyar. Idan wani kamfani ya haɗiye wani, a bisa al'ada yakan gaji yarjejeniyoyin da ya tarar, don haka lasisin dindindin da aka saya ta halal ba ya mutuwa saboda ciniki ya faɗa a Amurka. Abin da sabon mai gida yake da cikakken iko a kansa shi ne gobe: zai ci gaba da sayar da kulawar ko a'a, a kan nawa, ta hannun wa, har zuwa yaushe. A nan ake jin jiki.

Kamar mai tsohuwar Fijo 504 ne irin wadda aka harhaɗa a Kaduna. Motar tasa ce, takardu suna aljihunsa, ba wanda zai ƙwace ta don an daina ƙera irinta. Amma sabon kayan gyara daga kamfani ya ƙare, sai na hannu da dabarar bakanike. Inda suka rabu da fayawol shi ne, ita Fijo in ka kulle ta a gareji ta kwana lafiya, shi kuwa fayawol dare da rana akwai masu taɓa ƙofarsa daga kowane lungu na duniya, mafi yawansu ma na'urori ne da aka saita su yi ta laluben adireshi ɗaya bayan ɗaya. Ba ruwansu da cewa asibitinku ƙarami ne, ba su ma san akwai wani gari Zariya ba.

Kafin ka taɓa ko waya ɗaya, nemo takardu. Wannan shi ne aikin da na ga an fi raina shi, kuma shi ne yake yanke hukunci. Da sunan wa aka yi rajistar lasisin? A yankinmu sau da yawa ɗan kwangilar da ya kafa kayan ne yake buɗe asusu da imel ɗinsa, ko kuma ma'aikacin da ya bar aiki ya tafi da kalmar sirri a kansa. A idon kamfani, wanda sunansa ke kan asusu shi ne abokin cinikinsu, ku kuwa baƙi ne. Ka kira wanda ka gada, cikin girmamawa, ka roƙe shi imel ɗin rajista da lambobin lasisi da duk rasit ɗin da ya rage. Ka leƙa wurin akanta, galibi kwafin takardar biyan kuɗi yana can cikin fayil. Ka rubuta lambar jikin kowace na'ura. Idan bincike ya nuna cewa lasisin VMware ɗin daga wani wuri aka kwafo shi, ko lambar da ake yawo da ita a intanet ce, to maganar ta canza gaba ɗaya: babu abin da kuka mallaka da za a ce ya tsira ko bai tsira ba, kuma ya kamata Dakta ya ji wannan daga bakinka tun yanzu.

Mu koma kan Cyberoam, domin nan ne wutar take. Kamfanin Indiya ne, daga birnin Ahmadabad, kuma ya yi farin jini a makarantu da asibitoci da otal-otal a Najeriya saboda araha da sauƙin raba wa kowane ma'aikaci iyakar intanet da sunansa. Sophos na Ingila ya saye shi a watan Fabrairun 2014. Bai kashe shi nan take ba. Ya ci gaba da kula da shi shekaru, ya kuma bai wa wasu samfura damar sauyawa zuwa manhajar Sophos. Amma ranar 31 ga Maris, 2021 aka rufe littafin: daga ranar babu sabuntawa, babu faci, babu kulawa. Don haka a kan Cyberoam ba wani rashin tabbas da ya rage. Babu wanda za ka kira, kuma duk wanda ya ce zai sabunta maka lasisinsa a yau, ka riƙe kuɗinka.

Dakta zai ce ai yana aiki. Gaskiya ne, yana raba intanet, yana toshe abin da aka ce ya toshe, fitilunsa suna walƙiya. Abin da ya tsaya ba a ganinsa da ido. Sashen tace shafuka, da na gano kutse, da na kama ƙwayoyin cutar kwamfuta duk da jerin bayanai suke aiki, jerin da ya kamata a riƙa sabunta shi kullum. Naku ya daskare tun shekarun baya. Mafi muni, ita kanta manhajar tana da ɓarakar da duniya ta sani. A 2019 an gano wata da ke bai wa ɗan kutse damar mallake na'urar daga nesa ba tare da kalmar sirri ba. A Disambar 2020 aka sake gano wata a shafin gudanarwa. An fitar da gyaran duka biyun a lokacinsu, amma wa ya tabbatar maka naku ya karɓa? Ita ta biyun, a Fabrairun 2025 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta saka ta cikin jerin ɓarakar da aka tabbatar ana amfani da su wajen kai hari. Shekara huɗu ke nan bayan gano ta, wato har lokacin akwai isassun na'urorin da ke kunne da suka sa harin yake biyan masu yin sa.

Ni a ganina tsohon fayawol ya fi rashin fayawol yaudara, saboda yana sa mutane su saki jiki. Kafin kuɗin sabo ya fito, akwai abin da za ka yi yau ba tare da ko sisi ba. Ka rufe shafin gudanarwa da na shigar ma'aikata daga ɓangaren intanet, a riƙa shiga daga cikin gida kawai. Ka kashe hanyar shiga daga nesa ta SSL VPN in ba dole ba. Ka duba jerin asusun da ke kan na'urar, duk sunan da ba ka gane ba ka tambaya, ka goge. Ka canza kalmar sirri. Sannan ka fitar da kwafin saituna, ka kuma rubuta dokokin fayawol ɗin a takarda da hannunka, domin fayil ɗin Cyberoam ba zai buɗu a na'urar wani kamfani ba, sai dai a sake ginawa doka bayan doka.

Me zai maye gurbinsa? Ya danganta da aljihu da kuma hannun da zai riƙe shi. Sabon Sophos, ko Fortinet, ko makamancinsu, suna da kyau, amma ka sani kuɗin shekara-shekara ne da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wurare da dama da na sani ba sayen kamfani ne ya raba su da kulawa ba, canjin kuɗi ne. MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda kusan duk mai harkar intanet daga PZ zuwa Samaru ya iya saita shi, lasisinsa yana manne da na'urar, babu biyan shekara, sabuntawa kyauta ce. Sai dai shi rauta ne mai fayawol, ba ya yin duk aikin tacewar da Cyberoam yake yi, kuma shi ma a 2018 an yi wa dubban na'urorinsa kutse ta Winbox, manhajar saita shi, saboda masu su ba su sabunta ba. Akwai OPNsense, manhajar fayawol buɗaɗɗiya, wato mai tushe a fili ga kowa, da ta ɓalle daga takwararta pfSense a Janairun 2015, tana fitar da babban sabuntawa sau biyu a shekara, tana kuma da sashen gano kutse. Za ka ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta mai ƙofofin netwok da yawa. Wasu ma a kan tsohon akwatin Cyberoam ɗin suke ɗora ta, tunda da yawa daga cikinsu kwamfuta ce ta yau da kullum a ciki. Don koyo wannan dabara ce mai kyau. Don asibiti ba na ba da shawararta: akwatin da ya sha ƙurar hunturu da hawa da saukar wutar NEPA sama da shekara goma ya yi nasa.

Suwic ɗinku labarinsu ya fi kowanne tsawo, amma su ne mafi ƙarancin damuwa. Manhajar da ke cikinsu, FastIron, asalinta ta kamfanin Foundry ce, wanda Brocade ya saya a 2008. A 2016 Brocade ya ƙara da Ruckus. A 2017 Broadcom ya sayi Brocade, ya riƙe ɓangaren ajiyar bayanai da yake so, ya yi gwanjon sauran: suwic na manyan cibiyoyi suka tafi Extreme, manhajar rauta ta Vyatta ta tafi AT&T, ICX da Ruckus suka tafi ARRIS, shi kuma ARRIS ɗin CommScope ya haɗiye shi a 2019. Shi ya sa in ka je shafin Broadcom neman manhajar ICX za ka dawo hannu rabbana, duk da tambarin Brocade ne a goshin na'urar. Sunan da za ka nema shi ne Ruckus. Ka buɗe asusu a shafin tallafinsu da imel na asibiti, ka sauko da manhajar ƙarshe da aka fitar wa samfurin da littattafansa, ka adana a wuri biyu.

Dalilin da ya sa na ce a bar su: suwic yana cikin gida ne, ba ya fuskantar intanet, kuma aikin da yake yi bai canza ba. Ka ware masa hanyar gudanarwa daban da ta sauran ma'aikata, ka kashe Telnet da shafin gudanarwa mara kariya, ka bar SSH. Abu guda da za ka kiyaye: a ICX 6450 ƙofofi huɗu na gaba, biyu ne ke gudu da saurin gigabit 10 tun daga kamfani, sauran biyun sai da lasisi, kuma lasisin an ɗaure shi da lambar wannan na'urar kaɗai. In an saya muku shi, ka nemo fayil ɗin ka ajiye, domin samun wani a yau wahala ce. Kulawar da suwic ɗin nan suke buƙata ta zahiri ita ce guda ɗaya na hannu a ajiye a kabad, an riga an ɗora masa saituna, da inbata mai kyau a gabansu. Abin da ke kashe su a nan wuta ce da zafi da tsawar damina.

VMware shi ne inda rashin tabbas ɗin yake da gaske. Broadcom ya kammala sayensa ranar 22 ga Nuwamba, 2023, a cinikin da ya kai wajen dala biliyan 69 in an haɗa da bashi. Cikin makonni ya daina sayar da lasisin dindindin, ya kuma daina sabunta kwangilar kulawa ga masu shi. Wanda ke son kulawa sai ya koma haya, ana lissafa masa bisa yawan ƙwayoyin sarrafawa, aƙalla 16 ga kowane firosesa ko da nasa bai kai ba. A farkon 2024 ya soke tsarin dillalai na da, ya koma gayyatar waɗanda ya zaɓa. Ba mamaki wannan ne ya sa dillalinku ya yi shiru: mai yiwuwa shi ma ba shi da ƙofar shiga yanzu, kuma kunyar faɗa yake ji. A Mayun 2024 aka kwashe asusun abokan ciniki zuwa shafin Broadcom. ESXi na kyauta an janye shi a Fabrairun 2024, aka dawo da shi a Afrilun 2025. Har AT&T, kamfanin sadarwa na Amurka, da girmansa, sai da ya kai Broadcom kotu a 2024 kan sabunta kulawa, kafin su sasanta. Ka auna da wannan irin muryar da asibiti a Tudun Wada zai yi a wurinsu.

Idan lasisinku na dindindin ne kuma da sunan asibiti, kuna da izinin ci gaba da amfani da abin da kuke da shi. Amma ka yi hattara da wani abu da yara masu zafin nema suke yi da kyakkyawar niyya: kwaso faci daga abokin da ke da kwangila, ko daga wani shafi, a ɗora. A 2025 Broadcom ya aika wa masu lasisin dindindin da kulawarsu ta ƙare wasiƙun gargaɗi, yana cewa su cire duk sabuntawar da suka ɗora bayan ƙarewar kwangila, ban da facin gaggawa na ɓaraka mafi tsanani da ya yi alkawarin bayarwa kyauta, yana kuma tunatar da su cewa yana da haƙƙin bincike. Ko da ba wanda zai zo Zariya bincike, fayil ɗin da ba ka san hannun da ya bi ba, bai dace da sabar marasa lafiya ba. Ga kuma wani hanzari: kulawar yau da kullum ta ESXi 7 ta ƙare ranar 2 ga Oktoba, 2025, kuma wancan alkawari na facin kyauta ya shafi nau'in da ke cikin wa'adin kulawa ne. Wato agogon ku ma ya buga.

Me ya sa ban ce a cire shi da gaggawa irin ta Cyberoam ba? Saboda za ka iya ɓoye shi. A Fabrairun 2023 wani hari da aka yi wa laƙabi da ESXiArgs ya kulle bayanan dubban saba a duniya yana neman kuɗin fansa, kuma waɗanda abin ya ci su ne masu sabar da ke fuskantar intanet kai tsaye ba faci. Ka tabbatar taku ba a isa gare ta sai daga kwamfutarka, ka kashe hidimar SLP da SSH in ba a amfani da su, ka riƙa ɗaukar kwafin bayanai a faifan da ake cirewa a kulle a wani ɗaki, ka kuma gwada maido da kwafin ko sau ɗaya, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Da wannan za ka samu watannin shirya ƙaura a natse. Ga saba ɗaya tilo, ni Proxmox na ƙasar Ostiriya zan duba. Buɗaɗɗiyar manhaja ce mai yin irin aikin ESXi, biyan kulawa ganin dama ne, kuma tun nau'in 8.2 na Afrilun 2024 tana da hanyar kwaso kwamfutocin da ke kan ESXi kai tsaye. XCP-ng ma zaɓi ne. Amma kafin ka motsa, tambayi kamfanin da ya rubuta manhajar asibitin ko sun yarda ta gudana a can, kuma ko nasu lasisin yana ɗaure da lambar na'ura, kada ka yi ƙaura ranar Asabar ka wayi gari Litinin rajistar marasa lafiya ta ƙi buɗewa.

Kada ka ji na ce buɗaɗɗiyar manhaja ka ɗauka ita ba a sayar da masu ita. Vyatta tana da nau'in kyauta da mutane suka dogara da shi. Brocade ya saye ta a 2012, a shekara mai zuwa nau'in ya tsaya. CentOS 8, nau'in Linux na kyauta da ke hannun Red Hat, an yanke masa wa'adi zuwa ƙarshen 2021, bayan IBM ya sayi Red Hat a 2019. Bambancin shi ne, da yake tushen manhajar a fili yake, wasu sun ɗauka sun ci gaba: VyOS daga Vyatta, Rocky Linux da AlmaLinux a madadin CentOS. Cyberoam bai samu magaji irin wannan ba. Farashin wannan 'yanci kuwa shi ne kai ne za ka zama kamfanin kulawa. In ka tafi Abuja kamar na gabanka ba ka bar rubutu ba, ka mayar da asibitin inda ka same shi.

Da za ka shiga wurin Dakta, ka bar sunayen kamfanoni da shekarun nan a waje. Shi likita ne, ya san ba ya ba mara lafiya maganin da wa'adinsa ya wuce ko da kwalbar tana sheƙi. Ka nuna masa ranakun biyu, 31 ga Maris, 2021 da 2 ga Oktoba, 2025. Ka tunatar da shi cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ranar da aka tambayi asibiti wane mataki ya ɗauka, fayawol ɗin da aka daina kula da shi tun 2021 ba amsa ba ce. Sannan ka kai masa kasafi hawa-hawa: fayawol yanzu, faifan ajiya da suwic na ko-ta-kwana a wata mai zuwa, ƙaurar saba cikin shekara. Mai kuɗi ya fi saurin sa hannu in ya ga ka ce masa wani abu a bar shi.

A sayayya ta gaba, ko daga Kaduna dillalin ya zo ko daga Ikeja, ka sa a rubuta maka amsar tambayoyin nan a takardar ciniki: in ba mu sabunta ba, me zai tsaya? Wannan tambaya tana da nauyi, domin akwai kaya irin Meraki na Cisco da in lasisi ya ƙare, bayan kwana 30 na rangwame, na'urar kan daina wucar da intanet gaba ɗaya. Wace rana kamfani ya sanya ta daina kula da wannan samfuri? Kuma da imel ɗin wa za a yi rajista? Ka buɗe imel na ofis tun kafin su iso, wanda kai da Dakta da akanta kuka san kalmar sirrinsa, ka ce da shi za a yi, a gabanka, kafin a biya cikon kuɗi.